A Ce wa Ɗiyar Mamman

Shekarar da aka datse mana layin waya a Batsari saboda 'yan bindiga, kowa ya koma kamar kazar da ƙwai ya matsa. Sai ka ga mutum ya fito ƙofar gida, ya koma, ya sake fitowa, yana ɗaga waya sama ko Allah zai sa a dace. Ba ka sanin ko mutanen Ruma sun kwana lafiya sai wani ya taso daga can da ƙafarsa. An hana sayar da dabbobi a kasuwa, an hana sayen mai a jarka, labari kuwa duk na ƙanzon kurege. Ni ma ban tsira ba. Ina koyar da kwamfuta a shagon Mannir da ke bakin tasha, amma rabin yinin a bakin ƙofa nake yin sa, ina leƙen titi ban san abin da nake jira ba.

Mannir ne ya fara gajiya. Shagon da a da ba ka samun wurin zama ya koma daga ni sai ɗaliba guda, Bushira, unguwar zoma a asibitin gari. Ya ce zai kwashe kayansa ya koma Katsina, ya riga ya kama shago a can. Ya ce in ina so in biyo shi aikina yana nan, kuma yayarsa ta yarda in zauna a gidanta. Ina so mana. Har mafarkin tafiyar na yi. Abu ɗaya ya riƙe mini ƙafa, ban samu wanda zai ce mini je ki ba.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga Safana aka kawo ni Batsari gidan wan mahaifina, Baba Mamman. Shi ya sa ni makaranta, shi ya aurar da ni, da auren ya ƙare gidansa na dawo. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Mahaifina kuwa, wanda mutane ke ce wa Armaya'u mahauci, yana nan Safana da ransa da lafiyarsa, kuma tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa wa bango. In yana da saƙo sai ya nemi wanda ke kusa ya ce, “A ce wa ɗiyar Mamman kaza.” Ƙannena kuwa ya kira su, ya zage su, ya ci tuwo da su. Na san ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce ta 'yar fari, haka ya taras iyayensa suna yi. Sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Na kai maganar tafiya wajen Inna Kande, matar Baba Mamman. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ni ba ni cewa ki tafi, ba ni cewa ki zauna. Ubanki na da rai, shi za a tambaya.”

Ba waya, sai na ba wani direba saƙo ya kai Safana. Amsar da ya dawo da ita ta kusa sa in fasa tulu. Wai mai ɗiya ya rasu amma matarsa na nan, ita za a tambaya. Inna ta tura ni Safana, Safana ta turo ni wajen Inna, ni kuma ina tsakiya da ƙatuwar jakata. A ranar na rantse a zuciyata ba zan taka motar Katsina ba sai mahaifina ya faɗa da kansa. Na rantse ne cikin fushi, na kuma san in bai faɗa ba ni ce a ƙasa.

Wata safiya ina nannaɗe wayoyin injin buga takardu sai na ji sallama. Muryar ta sa na saki abin da ke hannuna. Shi ne, tsaye a bakin ƙofa yana tuɓe takalmi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi hanya da mutanen gida. Ya amsa wa fankar da ke sama. Sannan ya juya wajen Bushira, wadda bai taɓa gani ba a duniya.

“Baiwar Allah, a tambaya mini, nan ne ake koyon injin rubutun nan?”

Bushira ta dube ni, ta dube shi. Na ce mata mahaifina ne. Ita ma 'yar fari ce, nan take ta gane, ta danne dariyarta ta ce, “Nan ne, Baba.”

Ya yi mata bayani, ina tsaye ina ji. Wai ƙungiyar mahauta ta naɗa shi magatakarda tunda ya ɗan taɓa boko, kuma an ce yanzu ofisoshi ba su son rubutun hannu. Fawa ta tsaya, ba sa, ba akuya, zama na neman kashe shi. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ya sauka a zauren wani abokin sana'arsa a bayan mahauta, zai zauna har ya iya. Ni dai na san akwai mai koyar da kwamfuta a Safana, kuma na san hanyar Runka da ya biyo, hanyar da direbobi ba su shiga sai sun yi addu'a. Zuciyata ta ce amsa ya kawo miki. Na jira har azahar, bai ce uffan a kan tafiya ba.

Ina da tsarina na koyarwa, ko sarki ne ba na canza masa. Ranar farko nake zare linzamin kwamfuta in jefa a durowa. Wanda ya saba da linzami hannunsa lalacewa yake, kullum yana yawo a allo kamar mai neman allura. Sai in buɗe wa ɗalibi farin shafi wanda ba komai a kansa, in ce ga madannai nan, da su za ka shiga, da su za ka fita. Haka na yi wa Baba. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora manyan hannuwansa a gwiwa, duk tabon wuƙa, yana kallon ɗan sandan nan mai ƙiftawa a kan shafin.

“Mi yake ƙifta mini?” ya tambayi Bushira.

“Baba, nan ne harafi zai fito in ka danna,” na ce.

“A ce mata na ji.”

Ya danna. Wato danna irin ta mai danne rago. Harafi ɗaya ya zubo ya cika layi ya gangara na biyu, shi kuma yana riƙe da madannin yana salati. Na ce ya saki. Ya tambayi Bushira mi aka ce. Bushira ta ce an ce ka saki. Sannan ya saki. Haka muka yi ta yi. Magana ta fita bakina, ta wuce ta gaban kunnensa, ta je wajen Bushira, ta dawo, sannan ya ji ta. Ina da saurin hawa, kowa ya sani, ranar sai da na fita waje na sha iska ban san sau nawa ba.

Amma gemu ba ya hana ilimi. Cikin 'yan kwanaki ya san kibiyoyin nan huɗu, ya san madannin da ke share harafin baya, ya san a riƙe madannin Shif a fitar da babban baƙi. Da muka zo kan madannin Kwantirol ne aka sha fama. Sai ya danna shi, ya saki, sannan ya tafi neman harafin da yatsa ɗaya. Na ce ba haka ba, riƙewa ake yi da hagu, dama ta yi aiki. Sai ya ce wa Bushira, “To ai a ce mini ƙaho ne. Hagu ta riƙe ƙaho.” Daga ranar bai sake saki ba.

Na koya masa yadda ake kama rubutu a shafa masa shuɗi kafin a taɓa shi, Shif da kibiya in kaɗan ne, Kwantirol da A in duka ne. Wannan ya yi masa daɗi, ya ce ko a mahauta sai an kama ake yankawa. Da na nuna masa Kwantirol da X na yanke rubutu, layin ya ɓace, sai ya leƙa bayan kwamfutar.

“A tambaye ta, abin da aka yanka ina ya tafi?”

“Yana hannun kwamfuta, Baba. In ka danna Kwantirol da V za ta ajiye maka shi inda kake so.”

“Uhm. Mai yanka ya ɓoye, ni ban yarda da shi ba.”

Ya gwada, layin ya dawo a ƙasa. Ya sake gwadawa. Na lura duk sanda zai yanke ko zai share sai leɓensa ya motsa da bisimilla, bai ma san yana yi ba. Kwantirol da C kuwa dariya ya ba shi, irin dariyar da ban taɓa ji daga gare shi ba sai ta katanga. Layi ɗaya ya zama biyu, ya zama goma, na farkon bai ragu ba. Ya ce da haka cinyar sa take, da tuni ya je Makka ya dawo. Na yi dariya ni ma. Da ya ji muryata ta haɗu da tasa sai ya gimtse, ya gyara hula.

Duk wannan ana yi Mannir na kwasar kaya. Yau a ɗaure injin hoto, gobe a cire allon sola ɗaya daga rufi, kwalaye sun taru a lungu har ba wurin sallah. Batirin da ya rage ba ya kai mu la'asar. A gari kuma kullum da sabon zance, an ga babura a dajin Ruma, an ce mutanen wani ƙauye sun kwana a makaranta, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce da idonsa ya gani. Da rana sai ka ji kasuwa ta yamutse, a rufe shaguna, can a gane taya ce ta fashe. A gida na ɗaure jakata na kwance ta har zif ɗin ya lalace. Inna Kande ta ce in zan haukace in fita waje in yi.

Wata rana abin ya ishe ni. Yana tsakiyar koyon Kwantirol da S, yadda ake adana aiki kada wuta ta ɗauke da shi, na zagayo na durƙusa a gefen kujerarsa.

“Baba, Mannir zai koma Katsina da shagon nan. Ya ce in bi shi. In tafi ko in zauna?”

Hannunsa ya tsaya a kan madannai. Bushira ta daina bugawa. Ya daɗe yana kallon allo, sannan ya juya wajenta.

“A ce mata wanga harafi ya ƙi sharewa.”

Na miƙe na fita, don in na tsaya zan faɗi abin da zan yi nadama. Na zagaya bayan shago na yi kuka, kukan haushi, ba na tausayi ba. Bushira ta biyo ni da ruwa a kofi.

“Ikilima, ki yi haƙuri. Kin san tsohon nan ya iya abin da kike koya masa? In kin fita sai in ga yana yi shi kaɗai tsaf. Kina dawowa sai ya manta.”

“To sai me? In zama yake so ya yi kusa da ni, bakinsa ciwo yake?”

“Haka aka gina su.”

“Ni kuma haka aka gina ni. Ko kare ka yi wa magana ya kaɗa wutsiya.”

Ta ce in yi istigfari, na yi. Na koma ciki na share masa harafin, wanda ba abin da ya same shi. Ranar ban ƙara cewa komai ba sai danna nan, saki can, shi ma bai ƙara aika kowa ba.

Ranar tafiya ta zo ban shirya mata ba. A-kori-kura ta tsaya a ƙofar shago tun hantsi, Mannir da direba suna loda kwalaye da tebura. Jakata na kawo ta na ajiye a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, don ko ni ban san inda za ta kwana ba. Bushira ba ta zo ba, an kira ta karɓar haihuwa. Mannir ya tambaye ni, ya sake tambaya, na ce ya bari tukuna.

“Ikilima, ba a fafe gora ranar tafiya. Direba ya ce ba zai kai la'asar a garin nan ba, kin san hanya.”

“Na ji.”

“Kin ji, amma za ki ko ba za ki ba?”

Kafin in amsa Baba ya yi sallama. Ya dubi shagon da ya zama fili, ya dubi jakar, ya tsallake ta. Kwamfuta ɗaya ta rage a kan teburi, Mannir na shirin zare ta. Baba ya ce masa, “Yaro, a bar mini wagga kaɗan, akwai abin da ban ƙarasa ba.” Mannir ya dubi agogo, ya dube ni, ya fita ɗaure kaya. Muka rage daga ni sai shi. A iya sanina ba mu taɓa zama mu biyu a ɗaki ɗaya ba.

Ya buɗe shafi da kansa, bai tambayi kowa ba. Sannan ya ɗaga hannun rigarsa na hagu ya kare allon, ya shiga bugawa da yatsa ɗaya. Na ja baya na jingina da bango. Ina jin ƙas, sai shiru mai tsawo, sai ƙas. Wani lokaci ya share, ya sake. A waje direba ya tayar da mota, ya kashe, ya yi ham. Na leƙa, na dawo, na gyara ɗankwali, na sake leƙawa. Ƙafafuna sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Gumi na bin wuyan Baba har ya jiƙa masa riga, ko ranar jajibirin sallah ban jin yana yin irinsa a mahauta.

Can bugun ya tsaya. Ya daɗe yana duban abin da ya rubuta. Na ɗauka zai janye hannun rigar in gani, har na matso taku ɗaya. Sai na ga hagunsa ta sauko ta riƙe Kwantirol, dama ta taɓa A. Leɓensa ya motsa. Ya danna sharewa. Ya miƙe, ya ce wa bango, “A ce mata na gama,” ya nufi ƙofa.

Na tsaya a gaban farin shafi, ba ko ɗigo. Ni na koya masa kamawa, ni na koya masa sharewa, ya kuwa yi su ba kuskure. Wani baƙin ciki ya taso mini. Ya ratso hanyar Runka, ya kwana a zauren mutane, ya zauna ya rubuta, sannan kunya ta sa ya haɗiye abinsa. Mannir ya ƙwala mini kira daga waje.

Akwai madanni ɗaya da nake bari sai ranar ƙarshe, don ɗalibin da ya san shi da wuri ba ya kula da hannunsa. Da Baba ba mu kai nan ba. Na san abin da mutum ya share da hannunsa ya share ke nan, bai kamata a tono masa ba. Na kuma san in na bari Mannir ya zare wayar wutar nan, shi ke nan har abada. Na riƙe Kwantirol, na danna Z.

Rubutun ya dawo gaba ɗaya, layi biyu.

Ikilima ki tafi. Allah ya yi miki albarka.
Ki dinga zuwa Safana ina son ganinki.

Na karanta, na sake karantawa, na koma kan kalmar farko na kasa wuce ta. Ya sa mata babban baƙi yadda ya kamata. Hawaye suka rufe mini ido, na goge da bayan hannu don kada rubutun ya ɓace mini.

Ashe bai tafi ba. Yana bakin ƙofa ya sunkuya yana sa takalmi, daga nan kuma ana hango allon sarai. Na ji motsinsa ya tsaya. Na waiwaya, na gan shi da takalmi ɗaya a ƙafa, baki a buɗe, yana kallon abin da ya tabbata ya share. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ba Bushira, Mannir na can kan mota. Kunya ta kama shi har na tausaya masa, na sunkuyar da kai ina jiran ya juya ya tafi.

Sai ya tuɓe takalmin ya dawo ciki. Ya tsaya a gabana, ya dube ni ido cikin ido.

“Ke,” ya ce, “wanga ba ki koya mini shi ba.”

Direba ya sake danna ham, Mannir na kiran sunana. Na leƙa na ce masa ya ɗora jakata a gaba, ina zuwa. Sannan na jawo kujerar.

“Zauna, Baba. Riƙe da hagu.”